Ruwa Ya Yi Gyara

Jiya na dawo daga famfon layinmu da bokiti wayam, kamar kullum, sai na tarar da matan gidanmu sun kewaye rediyo, kowa na harara ta. Wai Ranka-ya-daɗe Sarkin Famfuna ya soke gyaran famfonmu, domin binciken masana ya nuna kashi ɗari bisa ɗari na mutanen layin sun ce an riga an gyara.

Jama'a, kashi ɗarin nan ni ce.

Kwanakin baya, bayan an ɗan yi yayyafi, wani mai tabarau ya yi sallama a ƙofar gidanmu, waya a hannu. Ya ce ra'ayin jama'a yake aunawa, kuma a ilimin ƙididdiga ba sai an tambayi kowa ba, kamar miya ce, cokali ɗaya ya isa a ji gishirinta. Ni da ko mai kanti ba na iya haɗa ido da shi, ni cokalin ya ɗebo. Kaina a sunkuye na ji ya ce, "Yaya ruwa?"

Damina ce, baƙo ya gaishe ni. Me 'yar mutunci za ta ce? Na ce, "Ya yi gyara."

Ya danna waya, ya yi godiya, ya wuce.

"Ke dai Shiru-shiru kin gama da mu!" in ji Gwaggo, tana tafa hannu.

"Gaisuwa fa na amsa, Gwaggo."

"To ɗebo mana gaisuwar mu wanke kwanuka da ita."

Telan da ke ƙofar gidanmu ya leƙo ya ce mu gode Allah mutumin bai ce mini "ina gajiya" ba, da tuni an soke hutu a ƙasa baki ɗaya.

Ni dai ina jinjina wa manyanmu. A firamare inda na tsaya, ɗaya sai an sha wahala take zama biyu. Su kuwa tasu ɗayar ko zufa ba ta yi ba ta zama ɗari.

Yau da safe na yi ta maza, na tafi ofishin don in janye maganata. Tun daga gida nake maimaita, "Famfonmu ya mutu." Wani babba mai tumbi ya buɗe ƙofa, ya dube ni.

"Malama, lafiya?"

"Lafiya lau," na ce.

"Madalla!" Ya danna wayarsa, ya rufe ƙofar.

Don haka idan kuka ji an rufe asibitin unguwa, don Allah kada ku gaya wa Gwaggo.