Lilon Injiniya

Allah ya yi mana baiwa a layinmu da ya ba mu Injiniya. Mutanen wasu unguwannin sai sun fita neman mai gyara, mu kuwa namu yana zaune a ƙofar gida tun hantsi, tef ɗin awo rataye a ƙugu, jan biro a bayan kunne, yana jiran wani abu ya lalace. In abin ya ƙi lalacewa, yakan taimaka masa.

Masu baƙin ciki za su ce maka bai taɓa taka ajin injiniyoyi ba. Gaskiya ne, to sai me? Shekara talatin da biyar ya yi riƙe da makullin sito a wata ma'aikatar gine-gine, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Aikinsa guda ne: a miƙo masa takardar neman kaya, ya zare jan biro ya rage. Ka rubuta ƙusa goma, ka tafi da takwas. Ka nemi siminti buhu biyar, ka samu huɗu da nasiha. Har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa fita daga sitonsa da cikakken abin da ya shigo nema, kuma da wannan yake tinƙaho. "Mai aiki kullum ƙari yake yi," in ji shi. "Mai ilimi shi ya san inda ake yankewa."

Bana da zafi ya kankama aka rufe makarantu, ɗansa ya kawo masa jikoki uku: maza biyu da 'yar autarsu mai shekara biyar, wadda ake ce wa Giɓi saboda haƙoranta biyu na gaba da suka fita. Yana sauke jakunkuna ya ce, "Baba, sati ɗaya za su yi a nan. Ran Asabar zan dawo, su zaɓa da bakinsu inda za su ƙarasa hutun, ko nan ko gidan ɗaya kakan nasu."

Ɗaya kakan shi ne mahaifin uwar yaran, tsohon direban babbar mota, wanda Injiniya ba ya kiransa sai "wancan mai sitiyarin". Bara a can yaran suka yi hutu gaba ɗaya, suka dawo ba su da labari sai na lilon da ya ɗaura musu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta dace da zambo ba: Injiniya yana son jikokinsa kamar ransa. Tun da 'ya'ya suka watse gidan ya yi masa faɗi, daga shi sai matarsa Iya sai rediyo. Labarin lilon nan ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ƙudura a ransa bana ba mai ƙwace masa su.

Wani kakan da sai ya sayo ƙwallo ya zauna ana wasa da shi. Injiniya ya fi ƙarfin wannan. Ya jera su a tsakar gida bisa tsawo, ya ce, "Daga yau kun shigo hannun ilimi. Za ku ga yadda ake tafiyar da gida bisa ƙa'ida."

Ran Litinin ya fara da famfon tsakar gida, wanda ya shekara yana ɗiga ba wanda ya dama. Ya auna shi ta tsaye, ya auna shi ta kwance, ya rubuta. Sannan ya sa sufana ya murɗa, ya ƙara murɗawa, har kan famfon ya biyo hannunsa. Ruwa ya yi tsiri sama ya wuce katanga. Kafin ka ce kwabo yaran sun tuɓe riguna sun faɗa ciki suna tsalle, Iya kuwa ta bi da gudu tana kwashe shanya. Injiniya ya tsaya a jiƙe sharkaf, ya share fuska, ya ce, "Gwajin ƙarfin ruwa ke nan. Sakamakon ya gamsar."

Ran Laraba ya sauko da fankar ɗakin yara don ya wanke ta, ya mayar da fukafukan a juye. Fanka na ta gudu, mutane na ta gumi, yanar gizo-gizon rufi ce kaɗai ke shan iska. Iya ta ɗaga kai ta ce, "Malam, iskar fa sama take tafiya."

"Daga ina zafi yake saukowa?" ya ce. "Daga sama. To can ake fara tarar shi. Wannan ba fannin mata ba ne."

Iya ta koma aikinta. Shekara arba'in da aure sun koya mata cewa gwano ba ya jin warin jikinsa. Ta bari ya shiga baccin rana, ta aika aka kira Kafinta na ƙarshen layi ya juya fukafukan. Da Injiniya ya tashi ya ji iska, ya kira yaran su shaida yadda lissafinsa ya fara aiki.

Amma duk wannan share fage ne. Babban aikin shi ne lilo, a reshen mangwaron tsakar gida, wanda zai sa na mai sitiyari ya zama abin tausayi. Ya yi wa Kafinta alfarmar neman shawararsa, ya ce ya rubuto abin da ake bukata. Kafinta ya dubi reshen ya rubuta: igiya mita goma sha biyu, katako ɗaya, noti huɗu.

Hannun Injiniya ya tafi bayan kunne da kansa. Sha biyu ta koma tara. Huɗu ta koma uku.

"Baba, reshen nan da tsawo," in ji Kafinta. "Kuma katako kusurwa huɗu gare shi."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake karanta irin takardar nan. Na san ƙarin da kuke yi."

Kafinta ya dubi Iya, Iya ta dubi sama. Wannan karon ba ta samu damar gyarawa ba, don Injiniya ya daina baccin rana, ya kewaye bishiyar da zare, ya manna takarda an rubuta ba a shiga. Jikokin da ake yi domin su ma daga bayan zare suke kallo.

Ran Asabar aka yi bikin buɗewa. Ya gayyato mai sitiyari takanas don ya gani da idonsa. Ɗansa ma ya iso. Lilo na rataye, an shafe shi da shuɗin fenti, sai dai mazauninsa daidai ƙirjin babban mutum yake, Giɓi ko da tsalle ba ta taɓo shi. Injiniya ya yi jawabin minti ashirin a kan tsimi da hangen nesa, ya bayyana cewa an ɗaga lilon ne da gangan domin yara su girma su tarar da shi. Sannan ya ce ƙa'ida ba ta yarda a miƙa aiki ba sai babban jami'i ya gwada.

Aka kawo kujera ya taka, ya haye, ya sa aka janye kujerar. Ƙafafunsa na reto, takalmi ɗaya ya faɗi. Ya ce a tura. Manyan jikokin biyu suka tura da iyakar ƙarfinsu. Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, fuskarsa cike da annuri. A zuwa na uku kusurwar da jan biro ya hana noti ta tuna haƙƙinta. Katako ya karkace, Injiniya ya sulmiyo, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Allah ya taimake shi bahon wankin Iya na nan cike da ruwan kumfa, a ciki ya zauna daram, hula a gefe, jan biro na iyo kusa da gwiwarsa.

Mai sitiyari bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya ce, "Sannu, Malam, ba ka ji rauni ba dai?" Ya je bayan motarsa ya ɗauko ragowar igiya da noti ɗaya, cikin minti biyar lilo ya sauko daidai gwiwa, Giɓi na kai tana ƙyalƙyala dariya.

Injiniya ya koma gefe yana ɗiga kamar famfonsa. Ya dubi jakunkunan yaran da Iya ta riga ta haɗa a bakin ƙofa, ya san gobe gidan zai koma shi da Iya da rediyo.

Ɗan ya tara yaran ya ce, "To, ina za ku ƙarasa hutu?"

Suka haɗa baki: "Nan!"

Kun ga tsohon nan? Nan take ƙirji ya dawo. Ya gyara jiƙaƙƙiyar hula, ya dubi mai sitiyari ta wutsiyar ido, ya ce, "Yaro ma ya san inda ilimi yake. Giɓi, matso ki gaya wa kakanki dalili, ya ƙaru."

Giɓi ta sauko daga lilo, ta zo ta riƙe hannunsa da ƙauna tsakani da Allah.

"Shi Kakan can duk abin da ya gyara gyaruwa yake yi, ba abin kallo," ta ce. "Kai kuwa kullum sai wani abu ya fashe. Kaka, gobe me za ka gyara?"