Rasuwar Kurciya, Motar da Ke Zafi a Gindin Bishiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne ta daga sama, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarmu Kurciya, wadda ta cika a hawan tudun da ke hanyar asibitin ido, bayan gajeriyar jinyar da na jawo mata da hannuna. Masu cewa tsufa ne ya kashe ta suna rufa mini asiri ne. Na gode, amma ba haka aka yi ba.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ina ɗan makaranta, mai launin toka, mai giya otomatik. Baba ne ya sayo ta, shi ya raɗa mata suna, shi ya tuƙa ta har idonsa ya fara hazo, sannan ya danƙa mini makulli ya koma kujerar gefe. An shaide ta da haƙuri. Ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki siminti, ta taɓa ɗaukar firij a ka ba ta yi ƙorafi ba. Da safe takan ce kir-kir-kir kafin ta yarda ta tashi, in za ta canza giya kuma ta ce ɗum, kamar an dire tulu.

Aibinta ɗaya ne, in ji Baba, wato zafi. Duk wata nakan kai shi ganin likita, matata a baya riƙe da katinsa, don ita ce mai gane bayanin magunguna. Da mun kai tsakiyar tudu, daidai wata babbar bishiya, sai Baba ya ja hanci ya ce yana jin ƙaurin man giya, a tsaya ta sha iska. In faka, in ɗaga bonet, shi kuma ya ce bari ya miƙe ƙafa, ya dogara sandarsa ya zaga bayan wasu duwatsu. In ya dawo ya shafa gefenta ya ce ta huce. Ni dai ban taɓa jin ƙaurin nan ba. Abin da ke raina shi ne layin asibiti yana can yana tsawo, ni ina nan ina kallon inji kamar sakarai.

Na kai ƙararta wurin bakanikenmu. Ya ce mai otomatik takan dafa manta a hawa, maganin kuwa a ƙara mata kula, wato ɗan ƙaramin lagireto da ake ɗaurawa a gaba, man giya ya bi ta ciki ya sha iska ya koma. Ya ce in bari ya samu sarari ya sa mini. Ni kuwa da gaggawa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na sayo kayan, na kalli yadda ake yi a waya, na shige ƙarƙashinta a tsakar gida. Na ɗaure kular, na yanka tiyo na zura, na matse kilif iya yadda na ga ya yi, na ƙara mai. Baba yana zaune a inuwa yana sauraron ƙarar sifana. Na fito ina goge hannu, na yi masa albishir cewa daga yau an daina tsayawa a tudu. Ya sa mini albarka a sanyaye.

A tafiyar farko muka wuce bishiyar a guje, har da danna mata hon. Da muka isa, ban gama faka ba Baba ya fice, na ɗauka layi yake wa sauri. Da wata ya zagayo sai Baba ya ce ido ya yi sauƙi, a bar zuwa, alhali rannan ƙofar banɗaki ma da lalube ya same ta. Da ƙyar muka lallashe shi. Ya ƙi shayi, ya ƙi komai, sai ruwan da matata ta matsa masa ya haɗiye ƙwayar hawan jini da shi.

A wannan tafiyar ajali ya sauka. Muna cikin hawa kilif ɗin da na matse ya saki, tiyo ya zare, jan mai ya bi kwalta. Inji ya ce wiiii, mota ba ta ja. Mai hankali da ya kashe ta nan take, ni kuwa na ƙara taka totur. A ranar na ji ƙaurin man giya na gaske, karo na farko a rayuwata. Ta ja jiki, ta ja jiki, ta ce ɗum, ta tsaya a inuwar bishiyar nan tata.

Na juya in ba Baba haƙuri, sai na ga goshinsa sharkaf da zufa, gwiwoyinsa a matse, hannunsa tuni yana kan marfin ƙofa. Bai tambayi lafiyar mota ba. Ya fita da saurin da na manta yana da shi, ko sandar bai ɗauka ba, ya nufi bayan duwatsu. Matata ta kawar da kai, ta ce mini a hankali ita ta daɗe da ganewa: ƙwayar nan ba ta barin dattijo ya riƙe fitsari, kuma mutum irin Baba ba zai buɗe baki ya faɗi haka gaban ɗansa da surukarsa ba. Kurciya ce ke faɗa a madadinsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Da Baba ya dawo ya shafa gefenta, hayaƙi na tashi, ya ce, “Sannu, 'yar albarka.”

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya, da batir mai sauran kwana, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da kula sabuwa fil wadda ba ta da laifin komai. Ta bar Baba, wanda ta rufa wa asiri har numfashinta na ƙarshe. Ta kuma bar ni.

Janwe ya kai gawar garejin bakanike, wanda ya duba man ya ga garin ƙarfe a ciki, ya girgiza kai. Gobe da hantsi 'yan gwangwan za su ɗauke ta daga can, mai son yin bankwana ya zo da wuri. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ina roƙon masu zuwa abu biyu. Kada kowa ya karanta wa Baba wannan sanarwa. Sannan ƙanena ya ba mu aron motarsa don zuwa asibiti, sabuwa ce, lafiyarta ƙalau, to kada wani ya yabe ta a gaban Baba. Na riga na gaya masa ita ma tana da zafi a hawa, sai an tsaya mata a gindin bishiya. Ya ja hanci daga inda yake zaune, ya ce ai tun shigowarta gidan ya ji ƙaurin.