Ranar da Na Ƙara wa Mamaci Sadaka

Shekarar da fari ya cinye garken garinmu Korgom, lokacin soji na mulki, ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. Kullum ina bugun ƙirji, ina cewa ni da matattu mun saba.

Ƙanin mijina, Idi, ya tafi cin rani Najeriya, sai labari ya zo wai ya rasu. Muka yi kuka, muka yi sadaka.

Ran nan kamiyon soji, babbar motar kaya, ya kawo jar dawa ta taimako. Na karɓo rabon gidanmu a ƙwarya, na biyo ta kangon da kowa ke tsoro, don a san ni ce. Rana tsaka, sai ga Idi tsaye bakin kangon, ya rame kamar kara.

Ban ruɗe ba, ni masaniyar matattu. Na san fatalwa ba ta da inuwa, sai na duba ƙasa a natse. Babu! Wa zai tuna mini rana na bisa kai?

Ya ce, "Matar yaya, ba ko sannu?"

Na ce, "Idi, mun yi maka sadaka! In ba ta isa ba, ga ƙari!" Na watsa masa dawar duka, na zura da gudu, ɗankwali a hannu.

'Yan kajin da suka rage a unguwa suka yi salla. Mu kuwa ganyen tafasa muka ci ranar, har da mamacin, yana dariya yana ƙwarewa.

Yau Idi ya yi furfura, amma in ya shigo gidana sai ya tsaya cikin rana, ya ce, "Matar yaya, duba ƙasa tukun. Ko in jira ƙari?"