Makauniyar cikin tukunyar dashe

Tun da maigidana ya rasu ya bar mini lambun dashe a bakin titi, da rijiya a ciki, na yi farin jinin da ban yi ba ina budurwa. Wanda ya fi naci shi ne Malam Tanimu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Ni yake so, in ji shi. Amma in ya zo hira, ni yake yi wa magana, rijiyar yake kallo. Ranar da ya zo jin amsa ta ƙarshe, ya tarar ina sauya wa dashen mangwaro ƙasa. Ina kifa tukunyar sai ga wata 'yar aba baƙa, siririya kamar tsinken tsintsiya, tana sheƙi, tana neman inda za ta nutse. Na ɗaga takalmi.

"Kul, Tabawa!" ya ce. "Ba tana ba ce, maciji ne, dangin bida."

"Maciji? Shi ya sa za a bar shi? Sannu da dabara."

Ya gyara hula, ya ɗora ta a tafin hannu, ya buɗe mini makaranta kyauta. Wai ba ta da dafi, bakin ma bai isa cizo ba. Wai ƙwan tururuwa da na gara take ci a ƙarƙashin ƙasa. Ya nuna mini kai, na ce wutsiya ce, ya ce haka suke, sai an lura. Idon nata ɗigo biyu ne a ƙarƙashin ɓawo, haske da duhu kawai take rarrabewa.

"Abin mamakin kuma," ya ce, yana kumbura kamar shi ya halicce ta, "wannan irin duk mata ne. Babu namiji ko ɗaya. Haka nan take ƙwai, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta."

"Kuma tana ci tana ƙoshi?"

"Sosai ma. Amma ita dabba ce. Ke mutum ce, zama ba namiji bai kamace ki ba. Ga lambu, ga rijiya, wa zai tsaya a kansu? Me kika yanke?"

Na karɓe ta daga hannunsa, na mayar da ita cikin ƙasarta a hankali.

"Malam, wannan makauniya ce, ko ganin namiji ba ta yi ba ta ce ta yafe. To ina ga ni da nake kallonka da ido biyu?"