Rasuwar 'Yar Gwanjo, Kwamfutar Ila

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba ya ɓoyuwa, Ila mai zanen surfani na Hayin Banki yake sanar da rasuwar kwamfutarsa ta cinya, 'Yar Gwanjo. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, hadari ya haɗu, aka kawo wuta da ƙarfi, ta ce "ƙit", shi ke nan.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Batirinta ya riga ta tafiya tun bara, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da ita Ila ya gano abin da ke sa keken surfanin maigidansa Sule tsinka zare: kuskure ne a manhajar zane ta kyauta, irin wadda kowa ke iya gyarawa ya aika wa masu kula da ita. Ya gyara, ya aika, yana fatan sunansa ya shiga cikin na masu aikin.

Nan jinya ta soma. Suka dawo da gyaran, wai a cire gaisuwar da ke saman bayanin. Gaisuwa fa, jama'a, don kawai ya tambayi lafiyar iyalinsu! Ya cire. Suka ce a raba gyaran gida biyu. Ya raba. Suka nemi gwaji a rubuce, wai keken Sule ba shaida ba ne. Kafin ya gama, wasu sun taɓa wurin da ya gyara a manhajar, dole ya sake ɗora nasa a kan nasu. Duk tana ɗauka, fankarta na "fuuu" kamar mai hawan tudu. Ta tafi da gyaran ƙarshe a cikinta, saura danna aikawa.

Ta bar caja mai naɗin salatef, da linzamin kwamfuta, da jakar da zif ɗinta ya mutu.

Daga baya Ila ya zauna da wayarsa, ya rubuta wa masu kula da manhajar abin da ya tuna na gyaran, don kada wani tela ya sha wannan wahalar. Wani ya ɗauka, ya shirya, aka karɓa da sunan mutumin. Ba Ila, ba marigayiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a teburin Kabir mai gyara, Babbar Kasuwa. Ba a buƙatar mota, Ila zai ɗauko ta a hammata. Cajar kuwa ya riga ya kai wa Sule, tunda tasa ta ƙone ranar Talatar. Sule ya karɓa, ya ce wayar cajar ta yi gajarta.