Kwangilar Hanyar Fadama

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya saukar da ruwa daga sama, Ya shata masa hanyarsa a bayan ƙasa tun ba a halicci mai awo ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Ya Allah Ka ɗora harshenmu a kan gaskiya, ko da ba a tambaye mu ita ba.

A wani daji akwai wata fadama da ta raba mazaunin dabbobi da tsohuwar kukar da majalisarsu ke zama a gindinta. Da rani ƙasarta busasshiya ce, duk ta tsattsage. Da damina kuwa ruwa yakan gangaro daga tudu, ya ratsa tsakiyarta ya wuce rafi, ya bar laka har gwiwa. Shugaban majalisar Bauna ne. A ƙuruciyarsa babu wanda ya kai shi son birgima cikin laka, amma tun da aka naɗa shi ya daina jin daɗin ganinta. Saboda haka majalisa ta yanke shawarar a cike tsakiyar fadamar, a ɗaga hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Dokarsu kuwa ba a fara irin wannan aiki sai an ba wani masani kwangilar duba muhalli, ya tsara ginin, ya kuma shaida cewa ba zai cuci kowa ba.

Daga cikin masu neman irin wannan aiki akwai wani tsohon Dabgi mai cin gara, sunansa Gambo. Ya san ƙasa da hanci da farce, amma ya tsufa a bakin majalisa bai taɓa samun kwangila ba. Ya yi gaishe-gaishe har bayansa ya lanƙwashe. Ma'aikatansa sun watse, kuma duk surin da ke kusa yana hannun majalisa, ba ta barin kowa ya lasa sai wanda ya yi mata aiki. Abin da ke kayar da shi kullum wata al'ada ce: kafin a ba da aiki, manya kan fita ziyarar gani da ido, kuma mai neman aiki ba ya magana sai a kan abin da majalisa ta gani da idonta a ranar. An kafa dokar ne da kyakkyawar niyya, bayan wani maƙaryaci ya taɓa tsorata su da haɗarin da babu shi don ya faɗaɗa aikinsa. Sai dai ziyarar da rani ake yin ta, domin lokacin ne ƙafafun manya ba sa ɓaci.

Gambo ya san in aka ɗaga hanyar ba a bar mata kwalbati ba, wato mashigar da ruwa zai bi ta ƙarƙashinta, ruwan zai taru a gefen sama. A gefen saman nan kuwa ramin wata Gafiya yake, Tabawa, matar marigayi amininsa wanda suka yi haƙa tare, da 'ya'yanta ƙanana.

Ana gobe ziyara ya je gaida magatakardan majalisa, wani Hawainiya mai suna Jatau. Jatau ya juyo ido ɗaya gare shi, ɗayan yana kallon inda Bauna ke kwance.

"Malam Gambo, ka dawo kuma? Wallahi kana ba ni tausayi. Aikin rijiya ka ce mana ƙasa za ta rufta. Aikin rumbu ka ce iska za ta kwashe. Wa ya tambaye ka?"

"Ai ta rufta, magatakarda."

"Ta rufta mana. Wa ya samu aikin tono ta? Ba kai ba. Ka ji shawarar mai ƙaunarka: gobe ka faɗi abin da ka gani, ka yi shiru a kan abin da ka sani. Babu wanda ya ce ka yi ƙarya. Mu nan ba ma son ƙarya."

Gambo ya koma gida yana juya maganar. Ya ce a ransa, in ya ambaci ruwa za a ba abokin takararsa Gyado aikin, Gyado kuwa ba zai sa kwalbati ba. In ya yi shiru ya samu, wataƙila ya sami dabarar barin 'yar kafa. Da wannan ya rarrashi zuciyarsa, ita kuwa zuciyar da ta gaji ba ta da wuyar rarrashi.

Ranar ziyara rana ta take. Manya suka tsaya a tsakiyar fadama, ƙura na tashi a ƙarƙashin kofatonsu. Gyado ya fara magana, ya yi ta yabon haƙoransa da yawan ayyukan da ya yi a dazuzzukan da babu wanda ya san su, har Bauna ya fara gyangyaɗi. Sa'an nan aka kira Gambo. Ya durƙusa ya ce:

"Ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara wa majalisa haske. Na shinshina ƙasar nan daga gabas zuwa yamma. Na sa farce na tona, ga ramin nan kowa ya leƙa. A yau da muke tsaye, ban ga ruwa ba, ban ga danshi ba, ban ga abin da zai hana hanya miƙewa ba. Abin da idon majalisa ya gani shi idona ya gani, ban ƙara ba, ban rage ba. In an ba ni aikin, zan ɗaga hanya daidai da martabar masu binta."

Bauna ya buɗe ido. "Wannan shi ne Dabgin nan mai yawan kawo damuwa? Ashe ya natsu. Tsufa ya yi masa amfani. Jatau, a ba shi."

Aka yi ta yi masa barka. A ranar aka nuna masa surinsa, ya ci ya ƙoshi karo na farko cikin dogon lokaci. Abin da ya ba shi mamaki, garar ba ta yi masa ɗaci ba ko kaɗan.

Da aiki ya kankama ya je wurin Tabawa. Ya same ta a bakin rami tana sheƙe gyaɗa, yaran suka fito da gudu suna kiran Baffa, suna hawa bayansa.

"A'a, yau 'yan kwangila ne a gidanmu?" in ji ta. "Yaya Gambo, har hancinka ya yi ƙiba. Ku sauka ku bar shi, yanzu babba ne."

Ya zauna. Sa'an nan ya ce, "Tabawa, ki kwashe yaran nan ki koma tudu kafin ruwa ya sauka. Hanyar nan za ta tare ruwa, nan zai kwanta."

Ta ajiye faifan. "Ai na sani. Maigidan yakan ce ruwan fadamar nan ta ƙofarmu yake sallama. Tun da na ga ana zuba ƙasa na je wurin magatakarda neman fili a tudu."

"Me ya ce?"

"Ya ce filin tudu na majalisa ne, ba a ba kowa sai wanda masani ya shaida cewa mazauninsa yana cikin haɗari. Ya ce ni kuwa na yi sa'a, masani ya duba ya ce nan ƙalau yake." Ta dube shi ba tare da fushi ba. "Na ce wane masani? Ya ce Baffan yara."

Gambo bai iya cin gyaɗar da ta zuba masa ba. Ya miƙe ya nufi gindin kuka.

"Magatakarda, ina so in gyara shaidata."

Jatau ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya daɗe kafin ya ajiye ta. "Subhanallahi. Shaidar da ka bayar a gaban shugaba? In ka janye ta, ka zama maƙaryaci, a karɓe aikin a ba Gyado, kuma shaidar maƙaryaci ba ta ba Gafiya fili. In kuwa sabon abu ka gani, sai majalisa ta gan shi tare da kai. Ka bari sai ziyara ta gaba."

"Ziyara ta gaba da rani ce."

"To, da yaushe kake so a yi ta? Cikin laka?"

Gambo ya koma bakin aiki, ya sa aka bar wata 'yar kafa a ƙasan hanyar, aka rufe bakinta da ciyawa. Ranar karɓar aiki idon Jatau na hagu ya hango ta. Ya ce wannan ba ta cikin tsarin da majalisa ta amince da shi, kuma ba ya so a ce Malam Gambo ya yi aikin ha'inci a kwangilarsa ta farko. Aka toshe ta da yumɓu, aka daddaɓe. Gambo ya roƙi Tabawa ta kawo yaran raminsa da ke tudu, ta kai su, amma dogaran majalisa suka mayar da su, domin an hana cunkoso a tudu saboda lafiyar muhalli. Gambo da kansa ya ba da wannan shawara a cikin tsarinsa, lokacin da yake neman abin da zai faɗa wanda ba ruwa ba.

Damina ta sauka kamar yadda Mai ita Ya saba saukar da ita. Hanyar ta tsaya daram, domin Gambo ya iya aiki. Ruwa ya zo ya tarar da ita, ya kwanta inda aka ce zai kwanta. Tabawa ta fita da ɗa ɗaya a bakinta. Da ta koma ɗauko sauran, babu ƙofa.

Majalisa ta zauna, kowa ya iso da ƙafa tsaf. Bauna ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ce wannan al'amari ya zo ba zato, kuma ba za a bar shi haka ba. Aka yanke a ba da kwangilar binciken musabbabin ambaliyar. Jatau ya tuna musu cewa doka ba ta yarda a ba kowa irin wannan bincike ba sai wanda ya taɓa yi wa majalisa aiki a wurin. Aka duba duk dajin, ba a sami mai wannan sharaɗi ba sai ɗaya.

Jatau da kansa ya kai wa Gambo albishir. Ya same shi zaune a bakin ruwan, Tabawa na gefe da ɗanta.

"Malam Gambo, ka ga abin da nake gaya maka? Ƙofa in ta buɗe, ta buɗe ke nan. Yanzu ba ka da abokin takara."

Gambo ya ce, "Yaushe manya za su zo su gani?"

"In ƙasa ta bushe."

Sai Tabawa ta sa baki, a hankali, tana lasar kan ɗanta. "Ka karɓa, Yaya. In ka ƙi, Gyado za a nemo wa hanya. Kai aƙalla ka san inda za ka tona."

Ya karɓa.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk wanda ya riga mu kwanciya, Ya haskaka makwancinsu. Mai karatu kuma, Allah Ya ba shi abincinsa ta hanyar da ba za ta bi ta kan ƙofar maƙwabcinsa ba, Ya kuma tsare mu baki ɗaya daga shaidar da aka bayar da rani. Amin.