Kwamfutar da Ba Ta Ji Minsharina Ba

Manhajar da ke karanta katin na'urar numfashina ta barci ta ƙi aiki a kwamfutata, sai 'yata Rabi ta gina mini wata kwamfutar a cikinta, tamkar mafarki cikin mafarki. Wata rana da hantsi na buɗe ta ni kaɗai, da yaƙinin wanda ya sauke littattafan fiƙihu. Allon ya fito fari tas, babu yankewar numfashi ko ɗaya. Na yi sujadar godiya, na ajiye na'urar, na sanar da warkewata a masallacinmu.

Rabi ta duba, ta ce, "Baba, kwamfutar cikin ba ta ga katin ba ma."

Har yau maiɗakina takan ce, "Malam, duk Gaya kwamfutar nan kaɗai ce ba ta ji minsharinka ba."